Mai Makullin Keji

Da safiyar Talata aka bugo waya caji ofis cewa mutane suna faɗuwa a kasuwar Farin Gada.

Kafin Sufeto Jabir ya isa, an kwashe masu sauran numfashi zuwa asibiti. Mutum ɗaya aka bari kwance a gindin motar kabeji, an lulluɓe shi da buhu.

Sufeto ya durƙusa ya yaye buhun. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, ɗan dako, sunansa Bala. Kumfa ta bushe a gefen bakinsa, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi duk da sanyin da ake yi. Idanunsa a buɗe suke, baƙin cikinsu ya tsuke ya koma kamar ƙwayar gero. Sufeto ya sa hannu ya shafa su don su rufe, suka ƙi. Ya sake shafawa, suka sake buɗewa. Ya daɗe yana aikin nan, ya ga gawa iri-iri, amma wannan ta tayar masa da tsigar jiki.

"Me ya ci?" ya tambayi sarkin 'yan dako.

"Bai ci komai ba, oga. Kunu kawai ya sha, kunun Ngo Loyis."

"Wace ce ita?"

"Tsohuwa ce mai kunun zaƙi. Tun muna yara muke shan kununta, ko ciwon ciki bai taɓa kama kowa ba."

"Tana ina?"

Sarkin ya sunkuyar da kai. "Asibiti. Da aka fara ihu cewa kunun ne, sai ta cika kofi ta shanye a gabanmu, wai don mu ga ba komai."

Saja Yael, mataimakiyar Sufeto, tana can tsugune a gaban teburin tsohuwar. 'Yar manoman dankali ce daga wajen Vom. Shi kuwa Jabir Bakano ne, bai daɗe da samun canjin wurin aiki zuwa Jos ba, kuma tun zuwansa ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi, wato gyara wa mutane Hausa. Ya tsokani Yael har sai da ta koma auna kowace kalma kafin ta furta a gabansa.

"Sa, zo ka ga wannan," in ji ta.

Farar jarka ce babba, sabuwa ful, da sauran kunu a ciki. Yael ta kifa ta gefe, ta ɗora yatsan Sufeto a jikinta. Wurin ya yi santsi fiye da sauran jikin robar.

"An kankare takarda a nan. Ga kuma gindin, an goge tambari da wuƙa mai zafi. Wannan ba jarkar mai ba ce, sa. Jarkar maganin feshi ce, irin ta manyan gonaki. A cikin irinta na girma."

"To yaya aka yi ta zo hannun mai kunu?"

"Bai kamata ta zo ba. Ai saboda haka aka yi doka."

Dokar da take nufi sabuwa ce. Majalisar jiha ta ce duk mai sayar da maganin feshi dole ya karɓi jarkarsa idan ta ƙare, a huda ta yadda ba za ta ƙara riƙe ko ɗigon ruwa ba, a jefa ta a keji a kulle, sai motar masu narkar da roba ta zo ta kwashe. An yi ta shela a rediyo, har da waƙa.

Sufeto ya dubi jarkar, babu huji ko ɗaya. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne, wanda ya iya wannan kankara ba a kan jarka ɗaya ya koya ba.

A asibiti nas ta ce mutum ɗaya kawai zai shiga, kuma kada ya daɗe. Sufeto ya bar Yael a baranda.

Ngo Loyis tana kwance, ƙaramar tsohuwa, an sa mata roba a hanci, jikinta yana karkarwa. Sufeto ya matso da kunnensa.

"Mama, wa ya ba ki jarkar nan?"

"Shi ya kawo mini," ta ce da ƙyar. "Mai makullin keji."

"Saya kika yi?"

"Kyauta. Ya ce ya wanke da omo, ya wanke da ruwan zafi." Ta kama hannun rigarsa. "Ɗana, akwai da yawa. Ya ce ya kai sauran kasuwa."

"Wace kasuwa? Mene ne sunansa?"

Bakinta ya motsa, amma sai kumfa ta taso. Nas ta ture shi waje ta rufe ƙofa.

"Me ta ce, sa?" in ji Yael.

"Wani mutum ne, mai riƙe da makullin keji. Kuma akwai sauran jarkoki a gari. In ba mu same su ba, wannan somin-taɓi ne."

Kejin yana bayan layin shagunan kayan noma, ɗaki guda na waya da kwano. Wani dattijo yana zaune a bakinsa yana jan carbi, makulli rataye a wuyansa. Sunansa Malam Sharafaddeen, jikan waɗanda suka zo haƙar kuza tun zamanin Turawa.

"Kai ke kula da nan?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Buɗe."

Ƙananan kwalabe ne tsibi guda, kowace da hujinta. Yael ta tona har ƙasa da sanda, ba ta ga babbar jarka ko ɗaya ba.

"Manoma ba sa kawo manya?" in ji Sufeto.

"Suna kawowa."

"Suna ina?"

"Mota ta kwashe."

"Ta kwashe manya ta bar ƙanana? Baba, ka dube ni da kyau. Makulli nawa ne?"

Kafin dattijon ya amsa, wata mata ta fito daga shagon da ke kusa, doguwa, cikin rigar sanyi da safar hannu ta ulu. A Jos ba wanda zai kalli safar hannu sau biyu. Ta ce sunanta Madam Klaudiya, ita ce shugabar kwamitin keji na ƙungiyar masu shaguna, kuma tana cikin waɗanda suka yi ta zarya majalisa har dokar ta tabbata.

Malam Sharafaddeen ya dube ta, ya dubi ƙasa. "Makulli ɗaya ne, yallaɓai. Ga shi a wuyana."

"Madam, haka ne?"

"Haka ne, Sufeto. Baba mutumin kirki ne, amma zamanin nan ba ka shaidar kowa."

"Kin san Ngo Loyis?"

"Masu kunu suna da yawa a kasuwar nan."

Sufeto bai ƙara tambaya ba. Tsohuwa ta ce mai makulli, ga mai makulli. Ya sa aka tafi da dattijon, yana ganin ya gama rabin aiki tun kafin azahar.

Sai dai a bayan kanta abin ya cije. Sufeto ya yi lallashi, ya yi tsawa, ya buga tebur har hannunsa ya yi zafi.

"Wace kasuwa ka kai su?"

"Ban kai ko'ina ba."

"Mutane za su mutu, Baba!"

"Allah ya kiyaye. Ni dai ban san inda suke ba, wallahi."

Wannan rantsuwar gaskiya ce, amma Sufeto ya ɗauke ta taurin kai. Ya koma gida da yamma, aka kawo masa abinci ya kasa ci. Ya ɗauki kofin ruwa, sai ya ga idanun Bala a ciki, ƙanana, suna kallonsa. Ya shiga kicin ya juya duk wata roba da ke gidan yana shafa jikinta, har matarsa ta tambaye shi ko lafiya.

Washegari aka bugo daga unguwar Gangare. Wani magidanci ya sayi farar jarka a hannun mai talla, ya zuba ruwan sha. 'Yarsa ƙarama ce ta fara sha bayan ta dawo daga makaranta. Sufeto ya tarar ana shirin yi mata wanka. Bai roƙi a buɗe fuskarta ba, ya san abin da zai gani. Uban bai iya tuna fuskar mai tallan ba, ya ce dai wani ne mai baro.

Suna komawa ofis suka tarar da wata mata zaune a kan benci, ta ɗaure kai da baƙin ƙyalle. Ta ce sunanta Hosana, 'yar Ngo Loyis ce, daga Bukuru ta zo.

"Mamana ya mutu, oga," in ji ta. "Da asuba ya mutu."

"Allah ya ba ku haƙuri."

"Mutane suna cewa shi ya kashe Bala. Oga, shi bai taɓa cutar kowa ba. Shi ya haife ni, shi ya yi mini komai da kunun nan. Ko ƙuda ya faɗa a ciki, zubarwa yake yi."

Gyaran Hausa ya taso wa Sufeto har bakinsa, kamar yadda ya saba. Sai ya tsaya cak. 

"Sake faɗa. Wa ya haife ki?"

"Mamana mana. Shi ya haife ni."

Yael ta ajiye biron da ke hannunta. Ta dubi ogan nata a hankali.

"Sa, jiya a asibiti, Ngo ta ce maka namiji ne, ko ta ce *shi*?"

Sufeto ya dafe kai. Abin da ya fi kowa sani ne, abin da yake tsokanar mutane da shi kullum, cewa da yawa a garin nan *shi* suke ce wa kowa, mace ko namiji. Amma da tsohuwa ta yi masa magana a bakin mutuwa, kunnensa na Kano ya ji abin da ya saba ji. Da ya maimaita wa Yael kalmomin yadda aka faɗe su, da tun a baranda ta gane. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya tuna yarinyar Gangare.

"Hosana," ya ce da wata irin murya, "mamanki ta gaya miki wani ya yi mata kyauta kwanan nan?"

"Ran Lahadi ya ce mini shugaban zumunta ya ba shi jarka."

"Wace zumunta?"

"Zumuntar mata na cocinmu. Madam Klaudiya."

Sufeto ya buɗe ɗakin tsare mutane da hannunsa. Malam Sharafaddeen yana zaune a kan tabarma, bai taɓa abincin da aka kawo masa ba.

"Baba, na zalunce ka, ka yafe mini. Amma kai ma ka yi mini ƙarya. Makulli nawa ne?"

Dattijon ya ci gaba da jan carbinsa.

"Ngo Loyis ta rasu. Wata yarinya ma ta rasu a Gangare, da kayan makarantarta a jiki."

Carbin ya faɗi daga hannunsa. "Biyu ne," ya ce. "Ɗaya yana wurinta. Ran Juma'a idan zan tafi masallaci takan ce in bar manyan, ita za ta huda. In na dawo ba na ganinsu."

"Ba ka taɓa tambaya ba?"

"Lokacin da idona ya hana ni ɗinki, kowa ya guje ni, ita ta ba ni gadin nan. Ita ta rufa mini asiri, yallaɓai. Na ce ba da bakina za a tona nata ba." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. "Ashe da bakina na kashe yarinya."

Madam Klaudiya ba ta fito shago ba ran nan. Gidanta yana can wajen hanyar Zariya, gida mai katanga da furanni a ƙofa. Da la'asar suka isa, ƙofar a buɗe.

Yael ce ta fara lura. Ta tsaya a tsakar gida ta kama hannun Sufeto.

"Sa, saurara."

"Ban ji komai ba."

"Abin da nake nufi ke nan."

Akwai akurkin kaji, babu kaza. Akwai bishiyar mangwaro, babu tsuntsu a kai. Kwandon shara yana cike da ɓawon ayaba amma ko ƙuda ɗaya bai sauka ba, kuma babu ƙadangare a katangar da rana ke duka. Suka bi wata 'yar kwata zuwa bayan gida. Duk inda ruwanta ya bi ciyawa ta ƙone ta yi baƙi, ga kwaɗi busassu a gefe, ƙafafu a sama. A ƙarshen kwatar akwai murhu, da babbar tukunya, da soson ƙarfe, da wuƙa. A ƙarƙashin wani buhu suka sami fararen jarkoki biyu da ba a gama kankarewa ba.

Madam tana zaune a falo cikin shigar zumunta, hannuwanta a cinya.

"Kin ce ba ki san Ngo Loyis ba," in ji Sufeto.

"Na ce masu kunu suna da yawa."

"Makulli fa?"

"Baba ya gaya muku, ɗaya ne."

"Baba ya sake magana. Cire safar hannunki."

"Sanyi nake ji."

"Cire."

Ta cire a hankali, ulun yana manne wa fata. Tafin hannun ya saɓule ya yi jajir, farata sun yi baƙi, yatsun suna rawa ba tsayawa. Ta dube su kamar hannun wani ne, sannan ta fashe da kuka.

"Sabbi ne ful, Sufeto. Roba mai kauri, mai kyau. Kullum ina kallo ana huda su, ga mata suna yawon neman jarka. Na ga asara ce. Na ce in dai an wanke da kyau, mene ne a ciki?"

"Ke da kika yi yaƙi a kafa dokar?"

"Na ɗauka don jahilai aka yi ta, masu ɗauraya sau ɗaya su zuba mai. Ni da omo nake wankewa, da toka, da tafasasshen ruwa, har sai wari ya fita gaba ɗaya. Ngo uwa ce a wurina. Wadda ta fi kyau na zaɓa mata."

Yael ta shigo da ɗaya daga cikin jarkokin, wadda aka riga aka wanke. Ta sa wuƙa ta yanke mariƙin, ta miƙa wa Madam. Mariƙin rami ne a ciki, kuma ramin cike yake da wani busasshen abu rawaya.

"Soso ba ya kaiwa nan, Madam," in ji Yael. "Sai an cika jarka har wuya, abin ya kwana, sannan ya narke."

Madam ta yi wani sauti da ba kuka ba ne, ba kuma magana ba.

"Ina sauran?" in ji Sufeto.

"Kasuwar Terminus. Masu baro nake ba wa, su zagaya da su."

"Sunayensu?"

"Ban taɓa tambaya ba. Yau wannan, gobe wancan."

"Guda nawa?"

"Tun farkon damina nake yi. Ban ƙirga ba."

Yael ta sa mata ankwa a sama da wuyan hannu, inda fata ta rage. Sufeto ya ce wa direba kada ya nufi ofis, ya bi ta Terminus.

"Ke kika wanke su, ke kika kankare su," ya ce mata. "Za ki nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, ko da za mu kwana a nan."

Motar ta kutsa cikin cunkoso ta tsaya. Sufeto ya leƙa ta taga. Bai taɓa lura da yawan fararen jarkoki a garin nan ba sai yau. Ga su a gaban masu manja, ga su a kan masu nono, ga su a baron 'yan garuwa, a bayan babura, a saman motocin ƙauye da ke shirin tashi zuwa Mangu da Bokkos.

Kwatsam Madam ta zabura ta buga gilashi da ankwa.

"Kada ki ba shi! Kada ki ba shi!"

Wata mai zoɓo ce a bakin titi, tana tsiyaya wa wani yaro daga farar jarka, uwarsa tana riƙe da hannunsa. Sufeto ya dira daga mota, ya ture mutane, ya kaɗe kofin daga bakin yaron. Zoɓo ya watsu a ƙasa, yaron ya ɓare baki, uwar ta hau zagi.

Ya fizgo jarkar ya kawo bakin mota.

"Taki ce?"

Madam ta karɓa da hannuwanta masu rawa. Ta juya ta, ta shafa gefen, ta duba gindin, ta buɗe murfin ta shinshina. Ta sake shafawa. Ta daɗe tana yi, mutane sun taru suna kallo.

"Madam, taki ce ko ba taki ba ce?"

Ta ɗago kai, fuskarta ta yi fari fat.

"Ban sani ba, Sufeto. Na kankare su da kyau."

Yael ta ja ƙofar ta rufe, mota ta tafi da Madam ofis, tunda ba abin da za ta iya nunawa. Sufeto Jabir ya tsaya a tsakiyar Terminus rungume da jarkar, mai zoɓo tana jan rigarsa tana tambayar laifin da ta yi. A tsallaken titi wata mata ta sauke tata farar jarkar daga ka, ta jera kofuna, mutane suka fara matsowa.